Jikan Siddo Mai Jirgi

A meri, wato ofishin magajin garin Gaya, Rahama ta fara ganinsa, tsaye da hula a hannu, yana neman takardar kakansa. Ita ke kula da tsofaffin rajistoci. Sunan bai fito ba, amma ya tafi da lambarta.

Zahradin sunansa, direban babbar mota. Kafin damina ta fita ya saba rubuto mata: "Hasken idona, na tsallake gada lafiya. Kin ci abinci kuwa?"

Sai dai mahaifinta, Malam Rabo, ya ce ba ya ba da ƴarsa ga wanda bai san asalinsa ba. Zahradin kuwa abin da ya sani kawai, kakansa Siddo mai jirgi ne, maraya, daga ƙetaren kogi ya zo.

Rahama ta bi rajista har idonta ya yi ja. Gwaggonta ce ta tausaya, ta raka su ƙauyen Bengu wurin Iya Indo, tsohuwar da ake kira ranar suna ta jero kakannin jariri.

Da tsohuwar ta ji "Siddo mai jirgi" sai ta fara jerowa. Wa ya haifi wa, wa kogi ya ci, wa ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba. Tsigar jikin Rahama ta tashi, kamar mutanen na shigowa ɗakin ɗaya bayan ɗaya suna zama. Uwar Siddo, in ji Iya, Fadima ce da aka kai aure ƙetare, ƙanwar Sumana.

Rahama ta dafe ƙirji. Sumana ai kakan babanta ne.

Ran da Zahradin ya durƙusa a zauren mahaifinta ya jero sunayen, Rahama na laɓe bayan ƙofa. Malam Rabo ya dube shi ya ce:

"Ashe jinin mace ne kai. Bawana ne ma! Tashi ka miƙo mini buta, malalaci."

Hawayen murna suka zubo wa Rahama. Taubashi kaɗai ake wa wannan zagin, kuma ba a korar taubashi.

Zahradin ya miƙa butar hannu biyu. "Baba, ai bawa ubangidansa ke masa aure."

Dariya ta ƙwace wa tsohon har da tari.

Bayan Sallah aka ɗaura. Da za a tafi da amarya, Malam Rabo ya dafa kanta.

"Gida za ki, uwata. Allah ya yi muku albarka."