Masu Makirufon Lungu

A ɗakin da ake ɗaukar wasan kwaikwayo a gidan rediyonmu makirufo uku ne. Ɗaya na Jarumi, ɗaya na Jaruma. Na ukun yana lungu kusa da ƙofa, an naɗe wuyansa da salatif, shi ne na sauran bayin Allah. Ni mai shara ce, ba ruwana da harkar kowa. Sai dai kunne ba shi da marfi.

A lungun nan suka haɗu. Ita sabuwa ce, an ɗauke ta ta fito a ƙawar Jaruma, mai cewa "Ki yi haƙuri" sau biyu ta fita. Shi ya daɗe yana fitowa a abokin Jarumi, matsoraci mai kwaɗayi, wanda marubuci bai ko wahalar da kansa wajen raɗa masa suna ba. Ɗan Rakiya kawai. Ranar farko suka kai baki makirufo tare, goshi ya gamu da goshi, ƙum! Darakta ya daka tsawa ta bayan gilashi.

"Sannu, Maƙwabciya," in ji shi, yana murza goshi. "Ƙa'idar lungu ɗaya ce. In kin ji na ja numfashi, ki matsa baya. In na ji naki, ni ma in matsa."

"In ban ji ba fa?"

"Sai mu sayi hular kwano."

Ba su sake karo ba. Kafin wata ya mutu ta san numfashinsa na dariya da na tsoro, shi kuma ya san nata na tsiwa. Layinsu kaɗan ne, sai suka riƙa yi masa gishiri. Jarumi na can yana rantsuwar zai mutu saboda so, Ɗan Rakiya zai ce, "To kafin ka mutu, wa za ka bar wa takalman nan?" Ƙawa ta ce, "Ba za su shige ka ba, ƙafarka ta gudu ce."

Masu sauraro suka fara bugo waya. Ba wanda ya tambayi Jarumi. Ni ban ga laifinsu ba. Jarumi kowa ya san ƙarshensa, zai sha wuya ya auri Jaruma. Na gefe ne ba ka san inda za su faɗi ba, kamar ni da ku.

Wata rana Ƙawa ta bar wayarta kan kujera. Ban taɓa ba, haske ta yi da kanta, sai ga saƙonsa:

"Maƙwabciyata, yau kin ja numfashi ba ki ce komai ba. Na matsa baya ina jira. Har yanzu ina bayan."

Amsarta daga baya na ji, ita da kanta ta karanta wa Jaruma:

"Matsoracina, wasu maganganun ba na rediyo ba ne. Ka zo gidanmu ka ji."

Ya je. Babanta tsohon makanike ne, kullum da yamma yana ƙofar gareji da rediyo a cinya. Yana jin sallamar yaron ya gane muryar.

"Kai ne mai cinye abincin abokinka? Mai gudu in an ga kare?"

"Wasa ne fa, Malam," in ji uwar daga ciki.

"Na san wasa ne. Amma me ya sa kullum shi ake ba? Mutumin da ko suna ba shi da shi zan ba 'yata?"

Ana haka Jarumi ya lura wayoyin da masu sauraro ke bugowa ba nasa ba ne. Shi mutum ne da ko gaisuwa yake yi sai ya gyara murya. Ya fara zuwa gaida tsohon da motarsa da turarensa, wai shi ma yana son 'yar, tsoho kuwa kamar ya goya shi. Ya kuma matsa wa marubuci lamba, aka tura Ɗan Rakiya tafiya mai nisa a cikin labari, ba ranar dawowa.

A makon ne aka yi ruwan sama, Jarumi ya rage wa Ƙawa hanya a motarsa. Ɗan Rakiya na tsaye bakin get da lema mai ɗaukar mutum biyu. Ya gani, ya naɗe lemarsa, ya tafi a jiƙe. Ya rubuto mata:

"Na ji wanda ya fi ni ya ja numfashi. Na matsa. Allah ya sa alheri."

Ta kwana biyu ba ta amsa ba, ta zo aiki ido a kumbure. Sannan ta tura:

"Ƙa'idar ta ce in ka ji nawa. Nawa ka ji, ko na wani?"

Shiru. Mazan nan, Allah ya shirya.

Abin da ya warware zancen ba hawaye ba ne, gundura ce. Wasa ya koma kuka da rantsuwa zalla. Tsoho ya fara gyangyaɗi kan rediyo. Wata yamma ya buga cinya ya ce, "Wai yaushe ɗan banzan yaron nan zai dawo daga tafiya? Wannan Jarumin sai surutu, ko mutum ba ya bari ya yi tari!"

Uwar ta ajiye tire a gabansa. "Wanne? Marar sunan?"

Tsoho ya kau da kai. Ya daɗe yana murɗa rediyo kamar tashar ce ta ɓace. Can ya ce wa 'yar, ba tare da ya dube ta ba, "Ki ce masa ya zo. Tambaya ce kawai zan yi masa."

Ya zo, ya durƙusa. Tsoho ya ja numfashi zai fara, shi ma ya ja nasa. Ita tana bayan labule, ta ce ta ɗauka zai matsa baya, don ta san halinsa. Amma bai matsa ba.

"Baba, ka gafarce ni, yau ni zan fara. A wasa ni ɗan rakiya ne, kuma ba na jin kunya, da shi nake ci. Amma nan ba wanda na rako. Kaina na kawo. Ina son 'yarka."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. "To. Kare fa? Da gaske kana tsoro?"

"Wannan kam da gaske ne, Baba."

Dariyar tsohon har maƙwabta.

Marubuci ya dawo da shi daga tafiya, don wayoyi sun hana Darakta sakat. Ranar liyafar bikinsu Jarumi ya karɓe makirufo ya yi jawabi har shayi ya huce. Ba wanda ya saurara. Kowa na kallon ango da amarya, suna raɗa da dariya. Da aka miƙa musu su yi godiya, suka kai baki tare, ƙum!

Na ce madalla, yanzu aure ya fara. Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu ƙwarin goshi, ya sa kowa ya riƙa jin numfashin ɗan'uwansa har tsufa.