Layin Da Ya Rage Wa Tauraro

Tsoho Whitlock, mai zagayawa da baƙi a Washington, shi ya ci min yaya. Ya ce wa yayan nawa Lamont 'yan ƙungiyar asiri sun zana tauraro mai tsini biyar da titunan garinmu. Lamont ya hau ya zauna, ya dinga bin titunan a ƙafa har ranar da bai dawo ba.

Ni a keke nake kai wa mutane abinci, na san garin kamar yunwar cikina. Tauraron bai cika ba. Titin Rhode Island yana ƙarewa tun bai rufe shi ba.

A ƙarshen titin na tare Whitlock da duhu ya shiga, sarƙar kekena naɗe a hannu.

"Tsoho, nuna min layin da ya rage, ko in zana maka shi a fuska."

Ya yi dariya, amma duk sanyin nan bakinsa bai fitar da tururi ba. "Yaro, ka cika baki. Biyo ni."

Na bi shi, ina neman inda babu idon kowa. Ƙarar motoci ta ɗauke ɗif. Titin miƙaƙƙe, ba allon suna, kuma sawuna kaɗai ke fita a dusar ƙanƙara. Sai na tuna gine-gine ne a nan, ba titi ba. Ko jiya na kawo abinci hawa na uku.

Na ɗaga sarƙar. Ya tsaya bai juyo ba, ya yi magana da muryar Lamont.

"Auta, ashe kai ma ka yarda."