Waƙar da Ta Ƙi Goguwa

Auta tana goge kujerun falo karo na babu iyaka, mahaifinta kuwa yana bakin taga, ya duƙufa kan keken ɗinkinsa kamar ba shi da labarin baƙon da ake jira, wato Dogo, mawaƙin da ke neman aurenta.

"Baba, don Allah idan ya zo ka saurare shi," ta ce a hankali.

"Ai na ce ya zo. Amma waƙar rap ɗin nan tasu, ba abin da take koya wa yara sai ashar da fitsara. Ke malamar firamare ce, kin fi ni gani."

"Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, Baba. Shi Dogo kan rashin aikin yi yake waƙa, da wahalar uwa."

Baba ya ciji zare, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Da la'asar Dogo ya yi sallama. Ya aske sumar nan tasa, ya cire sarƙa, ya durƙusa ya gaida Baba. Hira ta fara daɗi, har Auta ta ga Baba ya yi murmushi. Ana cikin haka sai ga jikar Baba, 'yar shekara shida, ta shigo da gudu. Tana ganin baƙon ta ja birki.

"Anti, wannan ai shi ne na cikin wayar direban makarantarmu!"

Don ta burge shi, sai ta riƙe ƙugu ta fara rerawa. Baitoci ne na batsa a kan jikin mace, kalmomin da ko babba ba zai furta gaban mutane ba. Tana yi tana karkaɗa jiki, fuskarta fal murna, ba ta san ma'anar ko ɗaya ba.

Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Wa ya yi wannan waƙar?" Baba ya tambaya, ko ɗaga murya bai yi ba.

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ni ne, Baba. Tun ina yaro, kafin in yi hankali—"

"Tashi ka tafi, samari. Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Washegari Auta ta same shi a situdiyo, zaune cikin tarin wayoyin lantarki, idanunsa jawur.

"Me ya sa ka ɓoye mini?"

"Kunya. Na goge waƙar tuntuni, amma tana cikin wayoyin mutane. Wallahi ba don yara na yi ta ba."

"Yaro ya san da wannan ne? Abin da ya shiga kunnensa shi yake ɗauka." Hawaye ya zubo mata. "Kullum ina kare ka a gida, Dogo. Jiya bakina ya mutu."

"To ki ce kin bar ni kawai."

"Ban bar ka ba. Amma ba zan tsallake maganar Baba ba, kuma ba zan riƙa ganinka a ɓoye ba."

Haka suka rabu. Dogo ya ɗauki bidiyo ya nemi gafarar iyaye, ya roƙi duk mai waƙar a wayarsa ya goge ta. Wasu suka yaba, da yawa suka yi masa dariya, masu gayyatarsa wasa suka ja baya. Bai daina rap ba, sai dai ya tsarkake bakinsa. Auta ta kai wa Baba bidiyon, ya ture wayar.

"Ya goge waƙar daga ƙwaƙwalwar jikata tukuna," ya ce.

Shekara ta zagayo, wata ta bi bayanta. Auta ta rame. Manema suka zo, ta ba su haƙuri. Baba bai matsa mata ba, bai kuma sauko ba. Gida ɗaya suke, gaisuwa kawai ke haɗa su, kowa na tausayin ɗan'uwansa ya kasa faɗa.

Sai ciwon ƙoda ya kwantar da Baba. Dogo ya ji labari, ya zo asibiti, amma bai yarda ya shiga ɗakin ba. A baranda yake wuni, shi ne karɓo magani, shi ne neman jini. Wata safiya Baba ya buɗe ido ya dubi Auta.

"Wannan dogon da nake hange ta taga kullum, shi ne?"

"Shi ne, Baba."

"Kira shi."

Dogo ya durƙusa gaban gadon. Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Har gobe ba na son kiɗan nan naku," ya ce da ƙyar. "Amma ranar nan ba ka yi mini ƙarya ba, ita kuma ba ta ci amanata ba. Na ba ka ita. Ka kula da bakinka."

Bai ga auren ba. A makon ya cika.

Aka yi auren ba kiɗa ba taro. Haƙurin Auta ya biya ta, sai dai kujerar bakin taga ta zama fanko. Lokacin da cikinta ya tsufa, wata rana ta tarar da Dogo ya yi tagumi.

"Wata rana ɗanmu zai ji waƙar nan a wayar wani," ya ce. "Zai gane muryata. Me zan ce masa?"

Auta ta zauna kusa da shi, ta riƙe hannunsa.

Allah na karɓar tuba, iyaye ma na yafewa. Amma kalmar da ka saka wa kiɗa ka sake ta, ba ka da iko da kunnen da za ta faɗa. Duk mai riƙe da makirfo ya tuna akwai yara a wajen.