Tukwanen da ke Fashewa a Wuta

A wani zamani can, a wani gari na bakin kogi, an yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya huɗu. Ta samu aiki gidan wata tsohuwa maginiyar tukwane, wadda mata shida ke yi wa aiki.

Ta gina tukwane, aka sa a wuta, suka fashe. Ta sake ginawa, aka sa a wuta, suka fashe. Sauran matan suka ce, "Inna, ki sallame ta. Ɓarnar yumɓu kawai take yi."

Da tsohuwar ta kira ta, ta zo tana tunanin 'ya'yanta. In aka kore ta, me yaran za su ci?

Tsohuwar ta shimfiɗa tabarma ta ce, "Zauna, 'yata. Gina ɗaya in gani."

Matar ta gina. Da ta gama, ta ɗauki ɗanyar tukunyar ta nufi rana.

"Ina za ki kai ta?"

"Rana, Inna, ta bushe da wuri, kada ki ce ina da nawa."

"Ba wanda ya gaya miki a inuwa take fara shan iska?"

"Babu, Inna."

Tsohuwar ta ce, "Ashe laifina ne."

Kwana bakwai suna duba tukunyar tare. Ranar gashi ta fito lafiya. Tsohuwar ta ƙwanƙwasa ta, ta ji ƙararta garau.

Ta ce, "Gobe ki yi sammako, tulu za mu gina."