Mai Kujerar Dama

La'asar ta yi sanyi lokacin da Inna ta ce wa Yazid ya mayar da ƙanwarsa Mansura gidan mijinta a Tsafe. Awon ciki ya kawo ta Gusau, layin asibiti ya cinye mata yini, motocin haya kuma sun daina lodi, don ba direban da ke son magariba ta riske shi a wannan hanya.

Yazid bai so ba. Mota yana da ita, kuma duk Gusau ba wanda bai san ta ba. Motar tsere ce ta Japan, ja jawur, ƙofa biyu, kujera biyu tak, cikinta har yana shafar ƙasa. In ya taka ta a Sabon Gari, sai injin ya yi wani fito, salansa ta yi tari, 'yan acaba su watse suna zagi. Kai, Yazid na son motar nan fiye da abincinsa.

Sitiyarinta a dama ya zo daga Kwatano, yadda na Japan suke. Malam Tambaya makanike ne ya mayar da shi hagu, ya toshe ramukan birki da totur na wancan gefen. A wajen aikin ya rasa yatsu biyu. Ranar da ya miƙa makulli, da ƙyar ya yi magana.

"Sitiyari munka ɗauke, Alhaji ƙarami. Wanda ke zaune wurin bai tashi ba. Ka bar mashi kujeratai."

Yazid ya yi dariya a ranar, amma fa bai taɓa ɗaukar kowa ba. To yau ga Inna tsaye, ga Mansura da tsohon ciki tana riƙe da ƙugu. Wa zai kalli uwarsa ya ce kujera na da mai ita? Ya buɗe mata ƙofa.

Sun fita gari lafiya. An yi ruwa da rana, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na shigowa, dawa ta yi tsayi dama da hagu. Mansura na ta tsokanarsa, wai wannan ba mota ba ce, kwanon awo ne aka sa wa taya. Ita da ko keke ba ta taɓa tuƙawa ba.

Dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, rana ta yi ja a bayansu. A nan surutunta ya yanke.

Wani wari ya cika motar, na ƙonanniyar taya da gashi.

"Yaya," ta ce a hankali, "wani ya zamna bisa ƙafafuna."

Ya waiga. Hannayenta sun tashi daga kan cikinta, sun miƙe gaba, yatsun sun naɗe a kan iska kamar mai riƙe da faifai. Ƙafarta ta dama ta lalubi daɓen motar, daidai inda aka toshe.

Ta danna.

Motar ta zabura har kansa ya bugi kujera.

Ya taka birki, birki ya tafi ƙasa salin alin. Ya juya sitiyari, sitiyarin ya yi ta wulwulawa a banza. Ya murɗa makulli ya zare shi gaba ɗaya. Injin bai ko yi tari ba.

Hannunta na hagu ya sauko ya damƙi giya. Ta huɗu. Ta biyar. Cak, cak, ba kuskure.

"Mansura, saki! Saki mana!"

"Ba ni ba ce." Hawaye na zuba, amma idanun ba sa ƙiftawa. "Wallahi Yaya ba ni ba ce."

Innalillahi! Motar ta koma ɗaya hannun, tana bin hagu kamar can ne hanyarta. Wani mai babur da buhun masara ya faɗa kwalbati. Yazid ya fara Ayatul Kursiyyu, harshensa na sarƙewa. Daga bakin ƙanwarsa wata dariya ta fito, ta namiji, mai kauri.

Shanu na tsallaka titi.

Bijimin farko suka ɗauka da gefen gaba. Ƙaho ya fasa gilashi, jini mai ɗumi ya watso musu a fuska, dabbar ta wuntsila ta saman rufi. Motar ba ta rage ba. Can gaba, a gangare, tankar mai na tahowa tana danna ham, fitilu a kunne.

Ya kama hannunta da ke kan giya ya ja da duk ƙarfinsa. Kamar ya ja turmi da aka binne.

Ƙarfen da yake kulle sitiyari da shi na gefen kujerarsa. Ya ɗauko. Wannan hannun nata ne yake riƙewa tana ƙarama, yana tsallakar da ita titi zuwa Islamiyya.

"Ki yafe mani."

Ya sauke ƙarfen.

Ƙashi ya ce ƙas. Yatsun ba su saki ba.

Ya ƙara, yana kuka. Ya sake ƙarawa.

Ihun da ya tashi ba nata ba ne. Hannun ya zube. Yazid ya banke giyar ta koma firi, ya fizgi birkin hannu. Motar ta juya, ta sake juyawa, iskar tankar ta wuce su da ƙyar, suka keta gonar dawa har wata bishiyar kaɗanya ta tare su.

Manoma ne suka ciro su. Suna janye Mansura, aka ga kujerar ta lotsa a hankali, kamar wani ya gyara zama. Ba wanda ya jira umarni. Nan take suka tara kara suka banka wa motar wuta, Yazid na kallo.

Cikin bai taɓu ba. Bayan girbi ta haifi 'ya mace, aka sa mata Halimatu Sadiya. Hannun kuwa ya ɗoru a karkace, likita ya ce jijiyar ta mutu, ko cokali ba zai ƙara ɗagawa ba. Mutane sun ɗauka hatsarin ne. Ita kuma ba ta taɓa cewa komai ba, sai ranar suna da ta ga ya kasa haɗa ido da ita.

"Ka daina, Yaya. Ni ban ji zahi ba. Shi ka karya."

Ya so ya yarda. Amma da aka kira magariba tana shayar da jaririyar, sai ya ga mataccen hannun ya ɗago daga cinyarta, ya damƙi iska, ya tura gaba. Ta ɗaya. Ya ja baya. Ta biyu.

Mansura ta ja mayafi ta rufe shi, ta ci gaba da lallashin 'yarta.