Fitilar da Assunta ta Kunna wa Zane

A Nettuno, wani gari na bakin teku, mamaci ake kunna wa jar fitila a ƙarƙashin hotonsa. Assunta ta san haka sarai, amma kaɗaici ba ya jin magana.

Mijinta Quirino ya yi ƙuruciyarsa yana tare ƙwallo a ƙungiyar besbol ta garin, wasan nan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda. Bayan rasuwarsa, danshin teku ya cinye hotonsa ɗaya tak da ke gidan. 'Yarsu Fiorella ta sayo wani zane a kanti don ado, irin sababbin nan da ake yi wa launin tsufa: mai tare ƙwallo a tsugune, ragar ƙarfe a fuska, safar fata a hannu. Ba Quirino ba ne. Ba kowa ba ne ma, mai zane ya ƙago shi. Assunta ta dubi kafaɗun nan masu kama da na mijinta, ta kunna fitila a ƙasa. Kullum da yamma takan zauna ta ba shi labarin wuni.

Wata yamma, taliya na kan wuta, dutse ya daki ƙofa. Aka yi shiru. Wani ya biyo, daidai inda na farko ya sauka. Babu kowa a layin. Haka aka jera kwanaki, rana na faɗuwa jifa na farawa. Maƙwabta suka daina shigowa.

Sai Fiorella ta bar cin abinci. Uwar ta same ta tsugune a ƙarƙashin zanen, hannun hagu a buɗe, idanu a kafe.

Aka kira Fada Ermete, tsohon limamin coci da ya san irin wannan aiki. Ya yayyafa ruwa mai tsarki, ya yi karatu mai tsawo.

"Wane ne kai?"

Yarinyar ta yi dariya da muryar ƙato. "Ermete mai ƙafar agwagwa! Kai da ƙwallo ba ta taɓa zama a hannunka ba, ni za ka kama?"

"Sunanka na tambaya."

"Ba ni da shi. Ina yawo a bakin ruwa na hango fitila a gaban hoton da babu mai shi. Gida ne babu kowa, na shiga. Tunda nake, ba wanda ya taɓa yi mini hira sai Assunta."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Takarda ba ta da baki. Ina so in amsa wa tsohuwa."

Fada ya ɗaga gicciye. "Fita."

"Zan sake ta, amma a bar mini fitilar."

"Ko tartsatsi ba za ka samu ba."

Muryar ta yi ƙasa. "To ita ta kunna, ita za ta kashe. Assunta, in kin hure, wa zai saurare ki gobe?"

Assunta ta dubi kafaɗun da ke bango. Ta dubi 'yarta, da gwiwoyin da suka kumbura saboda tsuguno.

"Ba da kai nake magana ba," in ji ta. "Ban taɓa yi da kai ba."

Ta sunkuya ta hure.

Ɗakin ya yi duhu. Fiorella ta zube gefe, ta ja dogon numfashi, ta lalubo fuskar uwarta.

"Mama, kuka kike yi?"

"Hayaƙi ne. Tashi ki ci abinci."