Alkamar da Ta Kwanta

Da hantsi Habsa, malamar gona ta Filinge, ta tarar da ƙofar magaza, ɗakin ajiyar kayan gona, a ɓalle. Buhunan takin zamani da gwamnatin soja ta aiko wa masu noman rani bayan fari sun ɓace. Kwalaben maganin da ake fesa wa alkama don kada karanta ya yi tsawo ya faɗi kuwa, suna nan jere, ba a taɓa ko ɗaya ba.

Kafin azahar jandarmomi sun kulle Magagi, tsohon mai gadi.

"Ba shi ba ne, Ajidan," in ji Habsa.

Ajidan Hamani, shugaban jandarmomin, ya dube ta sama da ƙasa. "Madmazel, kawo mani wani. In ba haka ba, gidan kaso za shi."

Ta fara da Magagi, ta tagar ɗakin da aka tsare shi.

"Ina kake daren jiya, Baba?"

"Garin Tabla, ɗiyata, wurin jana'izar ƙanena. Sun ce barin ƙofa ma laifi na."

Da ta tambayi Issa mai amalanke, ya yi dariya. "Ni da jakina muna kasuwar Baleyara. Tambayi matata, har yanzu faɗa takai."

Sai Tahiru, shugaban masu lambu. Ko tashi bai yi daga tabarma ba. "Mi zan yi da takin Nasara? Kashin shanu ya ishe ni. Ko karatunki na noma ban taɓa zuwa ba, yarinya."

Habsa ta juya ta tafi. Makonni suka shige. Mazan gari suna yi mata shaguɓe a bakin rijiya, ita kuwa kullum tana zaga lambuna da kai a sama, sannan ta kai wa Magagi fura. Tari ya kama shi, sai ƙaruwa yake yi.

Da alkama ta fara fitar da kai, ta ja Ajidan zuwa fadama. Alkamar kowa gajera ce, rawaya. Ta Tahiru kuwa ta yi kore shar a tsibi-tsibi, tsakiyar kowane tsibi a ƙone, sauran ta yi tsawo ta zube cikin laka.

"Duk wanda ya zo karatuna ya san watsa taki ake yi, a bi shi da ruwa," in ji ta. "Wannan ya zuba da hannu, gindi-gindi, kamar mai noman gero. Kuma da ya san amfanin maganin nan, da bai bar shi a magaza ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa zuwa ba."

Tahiru ya daɗe yana kallon alkamarsa. "Sauran takin na cikin rumbu," ya ce.

Aka saki Magagi da la'asar. Habsa ta riƙe masa hannu har bakin titi, don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa.

"A mai da takin ga mutane, ɗiyata," ya ce.

"Lokacin zubawa ya wuce, Baba."